An ce za a nuna wa ɗana zanen ɓatanci a makaranta a Faransa, yaya zan yi?

Tambaya

Wani bawan Allah ɗan asalin Damagaram, mazaunin wata unguwa a wajen birnin Paris, ya rubuto cewa ɗansa mai shekara 13 yana makarantar gwamnati, ajin da suke kira katiriyam. Yaron ya dawo gida ya ce malaminsu na tarihi ya sanar da su mako mai zuwa za a yi darasi a kan 'yancin faɗar albarkacin baki, kuma abokansa sun gaya masa a irin wannan darasi ne ake nuna zanen ɓatanci ga Manzon Allah (SAW). Yana tambaya: doka ta yarda da haka a makarantar da ake cewa ba ruwanta da addini? Zai iya hana yaron zuwa ranar? Ko kuwa ya sanar da sauran iyaye Musulmi a zaurensu na WhatsApp, su ɗunguma su je makarantar?

Amsa

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya raya mana yaron, ya yi masa albarka. Na daɗe ina koyarwa a ƙasar nan, kuma an sha kirana in zauna tsakanin iyaye 'yan Afirka da hukumar makaranta idan magana ta cakuɗe, saboda haka ba zan yi maka kwana-kwana ba. Doka ta ba malamin dama ya nuna zanen, amma ba ta tilasta masa ba. Kai kuma ba ta ba ka ikon cire ɗanka daga darasin ba, amma ta ba ka ikon ganin malamin ka yi masa magana. Batun WhatsApp kuwa, don Allah ka ajiye wayar har ka gama karanta wannan amsa.

Sai mutum ya san inda Faransawa suka fito kafin ya gane taurin kansu a kan wannan batu. Rikicin ba da Musulmi aka fara shi ba, zuwa muka yi muka tarar da shi. A 1766, a garin Abbeville, an fille kan wani matashi mai suna La Barre aka ƙone gawarsa, bisa zargin wulaƙanta addini, har da cewa bai cire hula ba lokacin da ayarin coci yake wucewa. Wannan labari ya zauna musu a zuciya. Bayan juyin juya halin Faransa aka fitar da laifin saɓo daga dokar hukunta laifuka a 1791, dokar 'yancin jarida ta 1881 ta ƙarasa rufe babin. A 1881 da 1882 minista Jules Ferry ya mayar da firamare kyauta kuma dole, ya cire koyar da addini daga cikinta. A 1905 aka raba coci da gwamnati. Abin da suke kira layisite ke nan, kuma da cocin Katolika suka yi kokawar. Idan Bafaranshe ya ji an ce kada a taɓa wani abu domin mai tsarki ne, abin da yake faɗo masa a rai shi ne zamanin da limaman coci suke da wuƙa da nama. Mu kuma idan muka ji an taɓa Annabi, ji muke an taɓa wanda ya fi mana iyayenmu. Shi ya sa sau da yawa kowa yana magana, ba mai jin ɗan'uwansa.

Dokarsu a yau ta rarrabe abu biyu: addini da masu addini. Sukar addini, yi masa ba'a, har da annabawa, ba laifi ba ne a gaban alƙalinsu. Zagin mutane ko tunzura a ƙi su saboda addininsu, wannan laifi ne tun dokar 1972. Kuma an hukunta mutane a kanmu: a 2008 kotu ta ci tsohuwar 'yar fim Brigitte Bardot tarar yuro 15,000 saboda kalamanta a kan Musulmi, an kuma samu ɗan jarida Éric Zemmour da laifi kan abin da ya faɗa game da Musulmi a talbijin a 2016. Amma da Babban Masallacin Paris da wata ƙungiyar Musulmi suka kai jaridar Charlie Hebdo ƙara kan sake buga zanen ɓatanci ga Annabi da aka fara bugawa a ƙasar Denmark, kotu ta wanke jaridar a Maris 2007. Kiristoci ma sun ɗanɗana: sun samu an hana wata tallar tufafi da ta kwaikwayi hoton jibin ƙarshe na Annabi Isa (AS) a 2005, kotun ƙoli ta soke hanin a 2006.

Na san abin da za ka ce, domin kowane uba da na zauna da shi sai ya faɗa: to me ya sa musun kisan kiyashin Yahudawa ya zama laifi tun 1990, amma ɓatanci ga Annabinmu ya zama 'yanci? Amsarsu ita ce wancan ƙaryata tarihi ne da cin zarafin al'umma, wannan kuwa sukar aƙida ce. A takarda bambancin yana da ma'ana. A aji, wurin yaro ɗan shekara 13 wanda aka hana 'yar'uwarsa ɗaura kallabi tun dokar 15 ga Maris 2004, aka hana ta abaya a 2023, sannan aka ce ya zauna ya kalli an wulaƙanta wanda yake yi wa salati kullum, bambancin ba ya shiga kunne. Ni dai ina ganin ƙorafin yana da ƙamshin gaskiya, kuma na sha faɗa wa abokan aikina haka. Sai dai ƙorafi daban, abin da alƙali zai yanke daban, kai kuma da na biyun za ka yi mu'amala.

Yanzu mu shiga makarantar kanta. Ka duba bango kusa da ƙofar shiga, za ka ga wata takarda mai saɗara 15 da aka liƙa a duk makarantun gwamnati tun 2013, ƙa'idojin layisite a makaranta. Saɗara ta 12 ta ce babu batun da aka haramta tattaunawa a kansa a darasi, kuma ɗalibi ba zai kafa hujja da addininsa ya ƙalubalanci ikon malami na koyar da abin da ke cikin manhaja ba. 'Yancin faɗar albarkacin baki yana cikin manhajar darasin tarbiyya da zama ɗan ƙasa, wanda aka fara da wannan suna a 2015, kuma galibi malamin tarihi ne ke koyar da shi. Don haka ba a neman izinin uba, ba a kuma ba da uzuri saboda addini. A Ingila uba yana da ikon cire ɗansa daga darasin addini, wasu sukan ji wannan su ɗauka haka yake a nan. Ba haka ba ne. Idan yaro ya yi fashin yini ɗaya ba wanda zai turo maka 'yan sanda, sai fashin da ba dalili ya kai rabin yini huɗu a wata ake kai rahoto sama. Amma me ka samu? Ko dai ka rubuta ƙaryar rashin lafiya ɗanka yana kallonka, ko ka rubuta gaskiya a buɗe maka fayil. Kuma washegari abokansa za su nuna masa zanen a waya a filin wasa, inda babu babba ko ɗaya.

Ga inda ƙofarka take. Manhaja ta ce a koyar da batun, ba ta ce sai da wane zane ba. Malami ne yake zaɓen kayan aikinsa. Da yawa daga cikinsu suna koyar da darasin nan da zanen da mai zanen barkwanci Daumier ya yi wa Sarki Louis-Philippe, wanda ya ja masa ɗaurin wata shida a 1832, ko da zanen 'yan siyasar yau, kuma darasin yana fita tsaf. Wasu suna bayyana abin da ya faru da baki ba tare da sun haska hoton ba. Sannan saɗara ta 11 ta wannan takarda ta ɗora wa malamin kansa nauyin zama ɗan ba-ruwanmu: ba shi da ikon bayyana ra'ayinsa na addini ko siyasa a bakin aiki. Yana iya nuna zane a matsayin abin nazari, amma ba shi da damar ya yi wa addinin ɗalibi ba'a da bakinsa, ko ya ware yara ya ce Musulmi su ɗaga hannu. Idan hakan ta faru, kai ne mai gaskiya a doka.

Akwai kuma wata magana da nake so ka riƙe, domin daga gidansu ta fito. A Nuwamba 1883 Jules Ferry, uban makarantar da ba ruwanta da addini, ya rubuta wa malamai wasiƙa kan koyar da tarbiyya. Ya ce kafin malami ya faɗi wata magana a aji, ya tambayi kansa ko akwai uba ko da guda ɗaya, mai kyakkyawar niyya, wanda da yana zaune a ajin zai ƙi amincewa da ita. In akwai, ya bar ta, in babu, ya faɗa gaba gaɗi. Wasiƙar ba doka ba ce, ba za ka ci shari'a da ita ba. Amma malaman tarihi sun san ta, kuma uban da ya ambace ta cikin natsuwa ana sauraronsa da wani kunne daban. A ganina, nuna wa 'yan shekara 13 mafi munin zanen nan ba dabarar koyarwa ba ce mai kyau. Yaron da aka kunyata ba ya koyon komai, rufe zuciyarsa yake yi. Wasu abokan aikina ba su yarda da ni ba, suna cewa ranar da aka daina nunawa don tsoro, masu wuƙa sun ci nasara. Ina fahimtarsu, domin an kashe musu abokan aiki.

Wannan ya kawo mu ga WhatsApp, kuma a nan zan ɗan daɗe.

Samuel Paty malamin tarihi ne mai shekara 47 a wata makarantar sakandare a garin Conflans-Sainte-Honorine. A farkon Oktoba 2020 ya yi wannan darasi da 'yan katiriyam, tsaran ɗanka. Ya nuna zane biyu na Charlie Hebdo, bayan ya ce wanda yake ganin abin zai ɓata masa rai yana iya kawar da kai ko ya fita na ɗan lokaci. Wata yarinya 'yar shekara 13, wadda makaranta ta dakatar na kwana biyu saboda fashi da rashin ji, ta ji tsoron faɗa wa iyayenta gaskiya. Sai ta ce malamin ya kori Musulmi daga aji, ita kuma ta yi masa tsaye, shi ya sa aka hukunta ta. Alhali ranar da aka yi darasin ba ta ma je makaranta ba. Mahaifinta bai bincika ba. Ya ɗauki bidiyo, ya watsa, aka ambaci sunan malamin da na makarantar, wani mai fafutika ya shigo ya ƙara wa wutar fetur. Saƙon ya yi ta yawo daga waya zuwa waya har ya isa hannun wani saurayi ɗan shekara 18, ɗan asalin Checheniya, mazaunin Évreux, wanda bai taɓa ganin malamin ba. Ranar 16 ga Oktoba ya zo ƙofar makarantar, ya ba wasu ɗalibai kuɗi suka nuna masa shi, ya bi shi ya fille masa kai a kan titi. 'Yan sanda suka harbe saurayin. Daga baya yarinyar ta amsa cewa ƙarya ta yi. A Disamba 2023 kotun yara ta same ta da laifi tare da wasu ɗalibai biyar. A Disamba 2024 kotu ta yanke wa mahaifin ɗaurin shekara 13, duk da cewa bai riƙe wuƙa ba, bai kuma ce a kashe kowa ba.

Ka dubi yadda abin ya tashi. Uba ne mai kishin addininsa, ya ji magana daga bakin 'yarsa, ya watsa kafin ya tabbatar. Malam, kai ma a yanzu abin da ke hannunka shi ne "abokansa sun ce". Malamin bai ce zai nuna komai ba tukuna. Allah ya umarce mu a Suratul Hujurat, aya ta 6, da mu bincika labari kafin mu cutar da mutane cikin jahilci mu wayi gari muna nadama. Magana zarar bunu ce, ta waya kuwa ta fi, domin ba ka san a hannun wa za ta kwana ba.

Bayan wannan kisa doka ta ƙara tsanani. Dokar 24 ga Agusta 2021 ta mayar da watsa bayanan da za a gane mutum ko inda yake, ta yadda za a jefa shi cikin haɗari, laifi mai ɗaurin shekara uku, ya kai biyar idan ma'aikacin gwamnati ne kamar malami. Haɗa kai a hana malami aikinsa da barazana kuma ɗaurin shekara ɗaya ne da tarar yuro 15,000. Iyaye ashirin a ƙofar makaranta, ko da niyyarsu alheri ce, mutum ɗaya ya ɗaga murya ya isa a rubuta rahoto. Ga wanda ke zaune da takardar izinin zama, ka san abin da irin wannan rahoto yake jawowa ranar sabuntawa.

Kai ɗan Damagaram ne, ka fi ni sanin abin da ya faru ranar Juma'a 16 ga Janairu 2015, da washegari a Yamai, bayan Charlie Hebdo ta sake fitar da zane a bangonta. Mutum goma suka mutu, aka ƙone coci-coci da cibiyar al'adun Faransa. Waɗanda suka yi zanen suna Paris, ko ƙwarzane bai same su daga wannan wuta ba. Maƙwabta ne suka biya. A Sakkwato ma, a Mayu 2022, daga saƙon murya a zauren WhatsApp na 'yan aji aka kai ga kashe ɗaliba Deborah Samuel a kwalejin ilimi, Sarkin Musulmi da kansa ya fito ya yi tir da kisan. Ba ina kwatanta ka da masu wannan aiki ba ne, Allah ya kiyaye. Ina nuna maka ne cewa wanda ya fara tura saƙo ba shi ke da iko da ƙarshensa ba.

To me za ka yi? Ka nemi ganin malamin, kai kaɗai ko da mahaifiyar yaron, ta littafin saƙon makaranta ko ta Pronote, shafin intanet da makarantu ke tuntuɓar iyaye da shi, idan da shi suke aiki. Ka je da tambaya, kada ka je da hukunci: me za a koyar, da wane kayan aiki? Sau tari za ka tarar babu zanen a cikin shirin, ka dawo gida da sanyin rai. In yana ciki, ka gaya masa abin da Annabi yake nufi a gidanku, da harshen da zai gane: cewa ɗanka yana jin abin kamar a tsiraita mahaifinsa a gaban aji. Ka roƙe shi ya sanar da dukan ajin kafin ya haska, ya bar wanda ya so ya sunkuyar da kai, ba tare da an kira sunan wani addini ba. Ka kuma gaya masa a fili cewa kana ƙyamar abin da aka yi wa Samuel Paty da Dominique Bernard, malamin da aka kashe a Arras a Oktoba 2023. Na san da ciwo a ce sai ka wanke kanka daga laifin da ba ka yi ba. Amma ka sani mutumin da ke gabanka, tun da ya ga saƙonka gabansa yake faɗuwa, kuma wannan jumla ɗaya ita ce za ta sa ya saki jiki ya saurare ka.

Idan ganawar ba ta yi daɗi ba, ko aka wulaƙanta yaron a aji, akwai matakai kuma suna aiki: malamin da ke kula da ajin, sai shugaban makaranta, sai wakilan iyaye da ake zaɓa kowane Oktoba, sai mai shiga tsakani na hukumar ilimin yankinku. In wariya ce ƙarara, akwai ofishin kare haƙƙin jama'a da suke kira Défenseur des droits, kuma kyauta ne. Komai a rubuce, da kwanan wata, da ainihin kalmomin da aka faɗa. (Abin da ke ba ni takaici, zaɓen wakilan iyayen nan mutanenmu ba sa zuwa, balle su tsaya takara, sai rana ta ɓaci a rasa wanda zai yi magana a cikin ɗakin da ake yanke shawara.) Wasu iyaye sukan mayar da 'ya'yansu makarantun kuɗi masu yarjejeniya da gwamnati, galibinsu na Katolika, inda dokar 2004 ba ta aiki kuma an fi sanin darajar abin da mutum yake tsarkakewa. Manhajar dai ɗaya ce a can ma.

Aikin da ya fi duka yana gida, tsakaninka da yaron. Ka zaunar da shi kafin ranar. Ka gaya masa wancan zane ba Annabi ba ne, babu wanda ya san kamanninsa a cikin masu zanen, kuma Kuraishawa sun faɗi abin da ya fi wannan a gabansa bai rage shi da komai ba. Ka gaya masa yana da damar kawar da idonsa, ba wanda zai tilasta masa kallo. Yana kuma da damar ɗaga hannu ya ce: "Na gane doka ta yarda, amma ni wannan ya ɓata mini rai, ga dalilina." Wannan ma faɗar albarkacin baki ne, shi ne ma darasin, kuma malamin kirki zai ji daɗin jinsa. Abin da ba zai faɗa ba, ko da wasa, ko don burge abokai, shi ne duk wata magana mai kama da "shi ya ja wa kansa" ko "ya yi daidai". Yabon ta'addanci laifi ne mai ɗaurin shekara biyar, bakwai idan ta intanet ne, kuma ba sa ɗaga wa yara ƙafa: a Nuwamba 2020, a Albertville, 'yan sanda sun ɗauki yara huɗu 'yan shekara goma suka yi musu tambayoyi na sa'o'i saboda abin da suka faɗa a aji. A tsakiyar Oktoba makarantu sukan yi shiru na minti ɗaya don tunawa da malaman nan biyu, ka ja masa kunne ya tsaya cikin ladabi kamar kowa.

Saƙon da za ka aika wa malamin kada ya wuce layi uku. Ka gaishe shi, ka ce ɗanka ya ba ka labarin darasin mako mai zuwa, kana so ku gana na minti goma kafin ranar domin ka san yadda za ka shirya yaron a gida. Kada ka sa kalmar zane ko addini a ciki, ka bar wannan sai kun zauna ido da ido. In Faransancin rubutu yana ba ka wahala, ka sa wani babba ya duba maka, kada ka ba yaron ya rubuta.